Awa Biyu da Minti Goma zuwa Tanja

Talata, 16 ga Agusta

A cikin jirgin ƙasa nake. Na ɗauko biro da littafina.

Lamfaddal ne ya kira ni da hantsi, direban tasin garinmu. Ya ce, "Ustaza Zuhur, Allah ya girmama ladanki a kan Ayashi." Na ce wane Ayashi? Kamar ina da wani wan bayan shi.

Wuta ce. Tun shekaranjiya nake ganinta a talabijin tana cin dajin duwatsu, na ce ai can ne, ba gefenmu ba ne, na canja tasha. Jiya da la'asar iska ta juya da ita ta hau Ain Lauz, garinmu na kan dutse. Da safen nan aka sami gawarsa. Yimma, mahaifiyarmu, tana nan da ranta. Bayan la'asar za a sa shi a ƙasa.

Na samu jirgin sha biyu daga birnin Kaza, inda nake koyarwa. Awa biyu da minti goma zuwa Tanja, daga nan sai mota. In Allah ya so zan riske su.

Mun wuce Kenitra, yanzu ya saki gudu. Allon da ke saman ƙofa ya rubuta kilomita ɗari uku da ashirin a awa. Wata mata a gabana tana ɓare wa mijinta dafaffen ƙwai, ruwan da ke kofinsu ko motsi ba ya yi. Kusan shekara huɗu da fara jirgin nan, yau ne shigata ta farko. Ranar da aka buɗe shi Ayashi ya kira ni yana dariya: "To Ustaza, uzuri ya ƙare. An ce kafin tukunya ta nuna kin iso." Na ce in an yi hutu. Hutu nawa aka yi tun daga ranar? Yanzun ma hutu ake.

Shekara bakwai rabona da dutsen.

Laraba, 17 ga Agusta

Ban riske su ba.

An rufe hanyar sama saboda wutar ba ta gama mutuwa ba, muka yi dogon zagaye ta kwari. Jiya ana kiran magariba na sauka. Maza suna saukowa daga makabarta da fatanya a kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai ya ce min Allah ya ba da haƙuri. Wasu ba su gane ni ba sai da aka raɗa musu.

Gidanmu ya ƙone. Yimma tana gidan Halti Tamu, ƙawarta tun suna amare, a unguwar ƙasa inda wutar ba ta kai ba. Na same ta zaune a lungu, mata kewaye da ita. Ta ƙanƙance. Na durƙusa na kama hannunta na sumbata, na ce, "Yimma, ni ce." Ta dubi takalmina ta daɗe. Sannan ta ce, "Tamu, a ba baƙuwa shayi, ta sha hanya."

Na sha shayin. Me zan yi.

Alhamis, 18 ga Agusta

Komai warin hayaƙi yake. Har burodi.

Asabar, 20 ga Agusta

Na hau na ga gidan. Lamfaddal ya raka ni, ya ce ƙasa tana da ramukan da har yanzu suke ci ta ciki.

Bango yana tsaye, kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗa ciki. Ɗaki ɗaya ne ya rage da rabin rufinsa, wanda muke ajiye tulunan man zaitun. Itatuwan zaitun na Baba duk sun yi baƙi. Ɓauren ƙofar gida da 'ya'yansa a jiki, sun dafu a kan reshe. Babu tsuntsu ko ɗaya.

Na ce ya gaya min yadda aka yi, kada ya rage komai. Ya ce da wutar ta ƙetaro rafi, Ayashi ya goya Yimma ya sauko da ita har bakin titi inda mutane suka taru. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, da tsohuwa a bayansa, a wannan gangaren. Ya ajiye ta, ya sha ruwa, ya juya. Suka yi ta kiransa. Ya koma ya buɗe wa awaki, ya kwance alfadari. Alfadarin ya fito da gashinsa a ƙone, yana nan gidan liman. Shi kuma a bakin garke aka same shi, kwance a kan fuskarsa. "Hayaƙi ne, Ustaza, ba wuta ba. Jikinsa lafiya lau." Ban sani ba ko gaskiya ce ko tausayina yake ji. Ban nemi sani ba.

Saboda alfadari.

Shi ya bar makaranta yana ɗan sha biyu don ni in ci gaba, domin Baba ya ce ɗaya ne zai iya saki. Shi ya ɗauki akwatina a ka har gidan kwanan 'yan mata a Shawun, tafiyar yini. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai sake aure ba, ya zauna da Yimma. Ni kuma babu wanda ya kore ni. Wannan ne nake ta juyawa. Da ma an yi faɗa, da ina da abin riƙewa. Aurena ya mutu, na gaji da tambayar matan gari, na gaji da tulu da hayaƙin murhu da hawa, sai kawai na daina zuwa. Shi ke nan dalilin.

Laraba, 24 ga Agusta

Yimma ba ta cin abinci. Cokali biyu na baisara, faten wake, ta ture kwanon. Ba ta kuka. Da ni ba ta magana sai "na gode, Ustaza." Ayashi da wasa yake kirana haka. Ita ba da wasa ba.

Halti Tamu ta ja ni bayan tanderu. "'Yata, ba korarta nake ba, mahaifiyarki Rahimu 'yar'uwata ce. Amma ɗakina biyu, ɗana yana dawowa da iyalinsa, nasu ma ya ƙone. Kuma ke ce 'yarta, ko kin manta?"

Na ce ban manta ba. Ranar ɗaya ga wata malamai suke komawa. Na shiga na gaya wa Yimma za mu tafi Kaza tare. Ban tambaye ta ba, gaya mata na yi.

Litinin, 29 ga Agusta

Mun sauko.

Ta ɗaura zanenta mai ratsin ja da fari, ta sa malfar da Halti Tamu ta ba ta, tata ta ƙone. Kayanta duka a leda ɗaya. A tashar Tanja ta tsaya a gaban matakalar da ke tafiya da kanta ta ƙi ɗaga ƙafa. Wasu 'yan mata suka ɗaga waya za su ɗauke ta hoto da malfarta. Na yi musu tsawar aji, suka watse. Amma a raina, ga abin da ba zan gaya wa kowa ba, sai da na ji kunya. Shekarata arba'in da bakwai, wana kwana goma sha uku a ƙasa, ina jin kunyar malfar uwata.

Na ba ta kujerar taga. Mai duba tikiti ya zo, yaron kirki, ya ce, "Marhaba da Hajja a Buraƙ." Bayan ya wuce ta yi maganar da ta fi kowacce tsawo tun zuwana: "Wa ya ba su izinin sa wa ƙarfe wannan suna?" Na yi dariya, na yi zaton an buɗe ƙofa. Na shiga nuna mata, ga teku can, ga gonakin rake, ga wancan. Ta duba kaɗan ta ce, "Ba a ganin komai. Kafin ka gaida wuri ya wuce." Ta ja malfa ta rufe fuska har Kaza.

Lahadi, 4 ga Satumba

Gidana a hawa na huɗu yake, babu lifta. Mun yi kusan rabin awa a matakala, tana hutawa a kowane hawa. Tun da ta shiga ba ta sake fita ba.

Na ba ta gadona, ta ƙi. A ƙasa take kwana kusa da ƙofar fita, ledar kayanta a ƙarƙashin kai.

Alhamis, 8 ga Satumba

Yara arba'in da ɗaya bana. Na ce su rubuta abin da suka yi da hutu. Wata yarinya ta rubuta sun je Tanja a jirgi mai gudu sun ci kifi sun dawo a yini ɗaya. Na ba ta maki mai kyau, na fita na tsaya a bayan aji.

Na dawo na tarar da abincin da na bar mata yadda na bar shi. Ta ce burodin kanti ba ya wucewa a wuyanta. Na ce to me za ki ci, Yimma, ki faɗa min in nemo. "Kada ki wahalar da kanki, Ustaza."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji.

Talata, 13 ga Satumba

Likita. Ya ce zuciyarta ta yi rauni, ƙafafun da suka kumbura daga nan ne. Ya rubuta magani kala uku, ya ce a rage gishiri, a rage damuwa. Da Faransanci ya yi min bayanin, a kan kanta, kamar ba ta wurin. A waje ya ce min, "Madam, mutanen dutse in aka sauko da su a wannan shekarun, wani lokaci..." Bai ƙarasa ba.

Asabar, 17 ga Satumba

Na dawo daga kasuwa ƙofa a buɗe, ba ta nan.

Na bi layi layi ina tambaya kamar mahaukaciya. Mai sayar da na'a-na'a ya ce ya ga wata tsohuwa da malfa ta yi wajen gada. A can na same ta, zaune a bakin titi, motoci suna wucewa ta gaban ƙafarta, ledarta a cinya. Tana tambayar wani mai gadi ta ina arewa take.

Na yi mata faɗa a gaban mutane. Na ce so kike ki kashe ni? Ɗaya bai isa ba? Haka na ce. Da bakina. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, sai na ga fuskarta ta rushe kamar na mare ta. Na ɗauki ledar, muka hau hawa huɗu.

Ban san abin da nake nufi da maganar ba. Ban san abin da ta ji ba.

Talata, 20 ga Satumba

Yau ta roƙe ni abu. "Asabar arba'in ɗinsa. Ki kai ni."

Juma'a, 23 ga Satumba

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko zan samu ya fita daga ƙirjina.

Jirgin ƙarfe biyu, bayan na tashi daga makaranta. Taragon ba cika. Wannan karon ita ta wuce kujerar taga da kanta. Muka wuce Rabat. Bayan Kenitra, da ya fara gudun nan nasa, ta ce ba tare da ta waiwayo ba:

"Ni na aike shi."

Na ce wa, Yimma?

"Da ya sauke ni a titi. Ya zauna yana haki, ya tsira, yana gefena. Na ce masa, Ayashi, alfadarin nan a ɗaure yake. Na ce dabba ce ba ta da baki, Allah zai tambaye mu. Ya ce Yimma wuta ta ƙetaro rafi. Na ce, Babanka da bai bar shi ba." Ta ce, "Sai ya tashi."

Babu wanda ya ji ta faɗa masa, ana ta ihu a lokacin. Kwana talatin da tara tana riƙe da wannan ita kaɗai. Ni ina can ina zaton da ni take fushi, ina auna kowane shirunta a kaina. Ko a wannan ma kaina na sa a tsakiya.

Ta ce, "Kin faɗi gaskiya ranar nan a gada. Na kashe ɗaya."

Na ce wallahi ba haka nake nufi ba, ban ma sani ba. Na ce kwanansa ne ya ƙare, na ce ko ba ki faɗa ba zai koma, kin san halinsa. Duk abin da ake faɗa na faɗa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke mai ilimi ce. Gaya min, in na same shi can, zai gaishe ni?"

Mai tura keken shayi ya tsaya a kanmu yana tambaya ko muna son wani abu. Na sayi ruwa don ya wuce. Na riƙe hannunta, ba ta janye ba, ba ta kuma riƙe nawa ba. Haka muka shiga Tanja.

Asabar, 24 ga Satumba

Malamai shida suka yi karatu a gidan Halti Tamu. Kuskus akushi tara, mata tun asuba. Mun hau makabarta, ta zuba ruwa a kan kabarin, ta dafa ƙasar ta daɗe tana motsa baki.

A dawowa ta tsaya gidan liman ta ce a fito mata da alfadarin. Bayansa duk tabo, gashi ya fara tsirowa fari. Ya gane ta, ya miƙo kai. Na ɗauka za ta shafa shi. Ta dube shi kawai, ta juya.

Da yamma ta ce, "Gobe ki tafi aikinki. Ni na zo."

Na ce ina za ki zauna, gida babu rufi, ga sanyi yana tafe, ga magani, ga likita. Ta ce ɗakin tulu ya ishe ta. Halti Tamu ta ce, "Rahimu, kin haukace? Ke kaɗai a cikin toka?" Yimma ta ce, "Ke dai ki aro min tabarma, ki bar wa'azi." Daga ƙarshe aka tsaya a kan za ta zauna wurin Halti Tamu har a gyara ɗakin.

Lahadi, 25 ga Satumba

Na dawo ni kaɗai. Na ji sauƙi da na rufe ƙofata, babu kowa a bakinta. Na ji sauƙi. Allah ya yafe min.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Juma'a na hau, yau na sauko. Haka zai zama ke nan kowane mako. Jirgi awa biyu, tasi kusan uku, mutum shida a matse, sannan hawa da ƙafa. Rabin tafiyar kamar a mafarki, rabin kamar zamanin kakata.

Lamfaddal da wasu maza biyu sun ɗora wa ɗakin tulu sabon kwano. Sun ƙi karɓar komai, sun ce Ayashi ya rufa wa rabin garin nan ɗaki.

Juma'a, 7 ga Oktoba

A jirgi.

Akwai abin da ban rubuta ba tun farko. Ranar Litinin ɗin nan, da safe, kafin iska ta juya, ya kira ni. Ina kwance ina kallon wayar tana ƙara, na ce zan kira shi anjima. Ya bar saƙon murya. Kwana hamsin da uku ina ganinsa a wayar ban taɓa ba. Na yi ta tsara abin da zai ce: wuta tana matsowa, ki zo ki ɗauki Yimma, ina jin tsoro.

Yau na saurara, tsakanin Rabat da Kenitra. Daƙiƙa goma sha tara.

"Ustaza, kina barci ko kina gyara jarrabawar sarki? Ɓaure ya nuna, tsuntsaye sun ce in miƙa miki godiya, rabonki suke ci. Akwai ɗan hayaƙi can wajen kwari amma ba komai. Yimma tana gaishe ki. Ba ta ce ba, amma tana gaishe ki. To, sai an jima."

A bayan muryarsa ana jin zakara.

Mutumin da ke gefena, mai kwat da kwamfuta, ya miƙo min takardar goge hanci bai dube ni ba. Allah ya saka masa.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Ta koma ɗakin. Tabarma, bargo uku, murhun gas da na kawo wanda ta ƙi taɓawa, ta haɗa duwatsu uku a waje. Ƙafafunta sun ƙara kumbura. Na ƙirga maganin, bai ragu yadda ya kamata ba. Ta ce yana sa ta yawan fita fitsari, dutsen kuma da sanyi.

Halti Tamu tana hawowa kullum da rana, ita ma da sanda. Tsofaffi biyu a cikin baƙin daji.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na yi barci a aji, a zaune, yara suna kwafe daga allo. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, da ladabi. "Ustaza, duk mun san halin da kike ciki. Amma ba za ki iya zama a wuri biyu ba." Na ce ai jirgin yana da sauri. Ya dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya ce akuya ta cinye littafinsa.

Asabar, 29 ga Oktoba

Ruwan farko. Mutane sun yi ta roƙonsa, da ya zo kuma babu itacen da zai riƙe ƙasa, sai dutsen ya narke ya gangaro baƙi ƙirin. Laka ta shiga ɗakin ta ƙarƙashin ƙofa. Tun safe nake kwasa da kwano ina zubarwa, ta kuma dawowa. Takalmina na makaranta ya tafi da tafinsa. Na zauna a bakin ƙofa cikin lakar na yi kuka da ƙarfi, irin wanda ban yi ba ranar da na iso. Na ce na tsani wurin nan, tun ina yarinya na tsane shi, ya cinye Baba, ya cinye Ayashi, yanzu ke yake jira.

Daga cikin bargo ta ce, "To ki tsane shi kina haƙa. Ba ta nan ake tare ruwa ba, sakarya. Ta sama ake yanka masa hanya. Duk karatun nan ba a koya miki ruwa gangarowa yake ba?"

Na ɗauki fatanyar da wuta ta cinye wa ƙota, na hau bayan ɗakin na haƙa. Tana ciki tana ba da umarni ta taga, hagu, a'a, hagunki, ke Zuhur wa ya haife ki. Ruwan ya bi ramin ya wuce.

Hannuna duk ya fashe. Da la'asar ta ci rabin burodi da man zaitun na Halti Tamu.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Kaza. Halti Tamu ta kira ta wayar ɗanta. Yimma ta faɗi a hanyar maɓulɓula jiya, sai da aka ɗauko ta. Ba ta karye ba. Numfashi ne. "Ta ce kada a gaya miki. Ni kuwa na ce in ta mutu a hannuna wa zan ce wa me?"

Na tsaya da wayar a farfajiyar makaranta, ana ta buga ƙararrawa.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Na kai ta asibitin Shawun a motar Lamfaddal. Likitar mace ce, da yarenmu ta yi mata magana, ta kira ta Halti, wato inna. Ta canja magani ɗaya. Na bi ta waje na ce ta gaya min gaskiya. Ta ce zuciyar ta gaji, sanyin bana zai yi mata wuya, ko a nan ko a Kaza. Na ce, "Ko a Kaza?" Ta ce, "Ko a ina. Ki bar ta inda take cin abinci."

A mota Yimma ta ce, "Me ta ce miki a waje?" Na ce ta ce ki sha magani. Ta ce, "Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ke ja."

Ba ta sake ta da maganar jirgin nan ba, ni ma ban tayar ba. Amma na ga tana aika wa alfadarin ɓawon burodi ta hannun Halti Tamu.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Ba abin rubutawa. Aji, gida, bango.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Lamfaddal ya yi oda a bakin titi ƙarfe ɗaya, yadda muka saba, don in samu jirgin biyar. Jakata a haɗe. Yimma tana barci a zaune, an jingina ta da bargo, kwanciya tana toshe mata numfashi. Na tsaya ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ya sake yin oda.

Na sauka ba jaka, na ce masa ya tafi, gobe da asuba. Ya ce, "Gobe Litinin, Ustaza." Na ce na sani.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Na kira shugaban makaranta daga kan tudu, nan ne kaɗai waya take kamawa. Na ce mako guda. Ya ce akwai takardar da ake cikewa in hutun zai yi tsawo, ta kula da mahaifa, ko in aiko miki? Na ce mako guda na ce. Ya ce to, zan dai aiko, ki ajiye.

Ba zama na zo yi ba. Ba abin da ya gyaru. Dutsen baƙi ne har inda ido ya tsaya, ɗakin yana yoyo ta kusurwa, yau ma ba ta ci abin kirki ba, kuma na san abin da ke tafe, watakila kafin sanyi ya fita. In ya zo zan rufe ƙofar nan in koma ajina, ba abin da zai riƙe ni.

Itace ya kusa ƙarewa. Na ɗebo ruwa sau biyu, bayana kamar zai rabe.

Gobe kasuwa. Lamfaddal ya hawo da rana ya tambayi abin da za a sayo. Na ce gari, sukari, kyandir, ledar rufi. Yimma ta ce a ƙaro irin wake mudu biyu, bayan ɗakin toka ta yi taki, asara ne a bar shi. Na ce wa zai shuka? Ta rufe ido kamar ba ta ji ba.

Na raka shi har gangare. Ya kama hanya, na kira shi ya dawo. Na ce ya haɗo da takalmin roba, dogo, irin na laka.

"Na Hajja?"

Na ce lamba talatin da takwas.

Ya dubi ƙafata, ya ce to, ya sauka.